Bencin da Manya Suka Karya

Jiya da hantsi ina tsakiyar yi wa wani aski, maƙwabcina kafinta ya faɗo shagon yana haki, yana nuna mini hanyar makaranta. Baƙo ne. Wata biyar ke nan da rikici ya koro shi daga ƙasarsu, shi da 'yarsa mai shekara tara. Harshenmu bai zauna masa ba tukuna, shi ya sa nake raka shi ko'ina, alhali a nasa ko "sannu" ban iya ba.

Muka tarar da yarinyar a kan benci a ƙofar aji, rabinsa ciki, rabinsa waje.

Na ce wa hedimasta, "Ranka ya daɗe, me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Takardu biyu aka aiko mini."

Ta farko daga Mai Girma Uban Tsari, wai a ware 'ya'yan baƙi sai sun iya harshe. Ta biyu daga abokin hamayyarsa, Mai Girma Gatan Marasa Gata, wai a haɗa su da namu yanzu-yanzu.

"Kowannensu zai iya korata," in ji hedimasta, "ni kuwa saura shekara biyu in yi ritaya."

Bai rufe baki ba sai ga jiniya. Dukansu biyu ne, Allah ya ƙara musu lafiya, kowa da masu ɗaukar hotonsa, don zaɓe ya matso. 'Yan rakiyar Uban Tsari suka ja benci waje, na Gata suka ja shi ciki, yarinya a kai ta ƙanƙame jakarta. Ji kake ƙaras! Ƙafar benci ta tafi.

Kafinta ya ɗaga 'yarsa, ya kakkaɓe mata riga. Ya faɗa mata wani abu. Ta dubi manyan ta ce da harshenmu, tiryan-tiryan, "Babana ya ce in kun gama, ku ba shi ya gyara. Yara huɗu ke zama a kai."



"Kun ga amfanin warewa!" in ji Uban Tsari.

"Amfanin haɗawa dai!" in ji Gata.

Jama'a, ba ko ɗaya. A bakin famfon gidanmu ta koya, wurin 'yata, suna faɗa kan layin ɗiban ruwa.

Suna cikin musu malamar ajin ta fito, ta kama hannun yarinyar. "Zo ki zauna kusa da waccan mai surutun." Ta rufe ƙofarta. Har aka tashi babu wanda ya lura, kowa na gyara hula a gaban kyamara.

Yau na ji a rediyo an kafa kwamiti mai mutum goma sha bakwai, zai tare a otal wata uku, ya binciko yadda ɗan baƙo ke koyon harshe. Na so in ba su aron 'yata kyauta, sai uwarta ta tuna mini cewa da zagi take fara darasi.