Jajayen Ɗigogin Gyaɗar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jawo malamina tun daga Kano har Gwangwan ba, wai ya ga abin mamaki.

Digirina na biyu a kan ƙwayoyin halittar gyaɗa nake yi. Na tattaro iri daga garuruwan Turawa, Tudun Kaya da Gwangwan, da ɓawonsa na aika ɗakin gwaji, aka dawo mini da lambobi jingim. Saura manhajar da za ta zana wace gyaɗa ce 'yar'uwar wace. Dakta, malamina mai duba aikina, ya ce in ɗauki wadda ake rubuta wa umarni da hannu, don ita tana tsayar da mutum in ta tarar da gurbi babu lamba. Ni kuwa na zaɓi mai launi-launi, danna nan danna can (tsakani da Allah, rubuta umarnin nake tsoro).

Zane ya fito tsaf, kowane iri da ɗigonsa. Duk ɗigogin sun cure wuri guda, sai wasu jajaye can gefe su kaɗai. Na duba, gyaɗar gidan Kawuna ce! Nan take na buga masa waya na ce irinsa babu kamarsa. Kafin Juma'a duk garin ya ji.

Muka iso gidan Kawu a Gwangwan ni da Dakta, an shimfiɗa tabarmi, har mai unguwa ya zo. Bayan an gama gaisawa, Dakta ya ce a nuna masa rumbun da aka ɗebo irin. Kawu ya ce ai Inna, matarsa, ita ta ƙullo mini. Aka kira ta, ta durƙusa daga bakin zaure.

"Wace gyaɗa kuma? Au, wannan? Ai a yashi na soya masa ita, Malam. Yaro ya zo tun daga birni, in ba shi ɗanya?"

Wayyo ni! Wuta ta lalata ƙwayoyin, gwaji ya bar gurabe, manhajata ta cike su da sifili ba ta ce mini uffan ba. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai in dubi Kawu. Dakta dai tari ya yi ta yi a cikin hularsa.

Yanzu da hannu nake rubuta umarnin, ina gumi. Kuma duk irin da aka ba ni, sai na fasa ɗaya na ɗanɗana tukuna.