Gaisuwar Da Ta Shiga Shafi Na Sha Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata ba. A lokacin ne na kwafo gyaran da manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira ta yi mini, na liƙa a cikin aikina na kammala digiri, ban duba ba. Ni da nake bin waƙafi ɗaya-ɗaya da jan biro.

Bincikena a kan ruwan tsofaffin ramukan kuza na Riruwai ne. Awon duk ni na yi, amma tsara jadawali da alamomin sinadarai a LaTeX, tsarin buga rubutun kimiyya a kwamfuta, ya gagare ni. Kullum layi sai ya tsallake gefen takarda. Kunya ta hana ni tambayar kowa, sai manhajar. Ni kuwa a gidanmu ba a neman alfarma ba gaisuwa, don haka nakan yi mata sallama, in tambayi aiki da gajiya (har da iyali, Allah Ya shirye ni), sannan in kai kukana.

Na buga kwafi huɗu a Tudun Wada, na miƙa.

Ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya a shafi na sha huɗu, ya gyara tabarau, ya karanta a fili: "Wa alaikumus salam, lafiya lau, ya mutanen gida? Kada tsoron Dokta ya hana ki barci, ga jadawalin na gyara."

Dokta, mai duba aikina, yana zaune kusa da shi. Na ji kamar in shige cikin hijabina.

Baƙon ya ce yana so ya san wa ya yi aikin, ni ko na'ura. In ita ce, sai in sake aikin baɗi. Ya sa na rufe takardar, ya yi ta tambaya: wane rami, wane wata, me ya sa awon dalma ya haura bayan damina. Na amsa ɗaya bayan ɗaya, na kuma fito da littafin awona mai tabon jar laka. Ya daɗe yana buɗawa, sannan ya gyaɗa kai.

Da aka tashi na bi Dokta, na durƙusa, na tambaya ko an soke aikin.

"Kin ci, 'yata," in ji shi. "Ki cire gaisuwar, kuma ki riƙa karanta abin da aka ba ki. Amma shekara huɗu ina koyar da ke, ko sau ɗaya ba ki tambayi iyalina ba."