Nomau da Batirin Fijo

A bayan cocin garinmu akwai gidan Malam Bitrus, tsohon malamin firamare. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Saratu, wadda yanar ido ta rufe wa gani, da ƙanensa Nomau, mai shekara arba'in. Nomau bai taɓa ƙin aike ba, bai kuma taɓa ƙara wa aike ko rage masa kalma ɗaya ba. Suna da tsohuwar Fijo. Ranar Alhamis likitocin ido za su zo asibitin birni, sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma sunan Inna na cikin na ƙarfe bakwai na safe.

Ran Litinin ta makon, mota ta ƙi tashi. Malam ya kwance batir ya ce Nomau ya kai wa Tanimu mai caji, amma kada ya ajiye shi a ƙasa, don a garinmu an yarda ƙasa na shanye wutar batir. Nomau ya ɗora a ka. Tanimu ya ce ya sauke, Nomau ya ce Yaya ya hana. Aka nuna masa benci, ya duba ya ce ƙafafun bencin a ƙasa suke. Tanimu ya gaji, ya jawo waya ya maƙala. Nomau ya tsaya daga hantsi har la'asar ana caji a kansa, batirin kuwa bai ɗauka ba.

Kashegari, Talata ke nan, Malam ya sayo sabo ya ce, "Kada kowa ya taɓa shi sai Alhamis." Ran Laraba Tanimu ya zo ɗaurawa, Nomau ya rungume batir. Malam da kansa ya miƙa hannu.

"Yaya, kai ma kowa ne," in ji Nomau.

Sai da Inna ta aike shi sayen goro aka ɗaura, rana tsaka, cikin sauri.

Da Nomau ya dawo ya tarar, ya ƙirga kwanaki da yatsu, ya ga Alhamis ba ta zo ba. Ya naɗe hannu da tsumma don kada ya taɓa, ya kwance batir, ya kai shi ɗaki ya kwantar a gadonsa.

Da asuba Malam ya buɗe bonet ya ga wayam. Bai ɗaga murya ba, ya nemo batir a gadon Nomau, ya shiga mayar da wayoyi. Yana haɗa ta biyu, fitilun gaba suka haske bangon gida. Tun daren Lahadi ya bar su a kunne. Da batirin ya kwana a mota, da Inna ta jira baɗi. Malam ya kashe fitila, ya tayar da mota, aka kama hanyar birni.

Aka yi wa Inna aikin ido lafiya. Kashegari da aka cire wa Inna bandeji, ta waiwaya ta ga mutum tsaye a bakin ƙofa, wanda ta shekara shida ba ta ga fuskarsa ba.

"Nomau, ka yi furfura. Me ke kanka?"

"Tsohon batir ne, Inna. Yaya bai ce in sauke ba."