Kunyar Malam

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai gayya gonar surukaina a Ruwan Godiya. Ni malamin makaranta ne a Ƙanƙara, alli na sani ba garma ba. Amma da aka ce mai neman Rabi sai ya zo da abokansa sun yi wa babanta huɗa, na bugi ƙirji na ce an gama. (Baki dai ba ya gajiya.)

Akwai abin da ban faɗa wa kowa a gidan ba. Ina yaro na yi ciwon daji, aka cire mini ƙoda ɗaya a Zariya, na sha magani har gashina ya zube. Ciwon ya tafi, amma ya bar mini gajiya, ba irin wadda barci ke wankewa ba. Sai ina zaune lafiya in ji kamar an zare mini laka. Na ɓoye, don wa zai ba raggo 'yarsa?

Makaɗi ya saki ganga, ya kama yi mini kirari, ni kuwa kai ya kumbura. Na tuɓe riga, na kama kunya ɗaya ina tayar da ƙasa kamar da gaske. Ban kai tsakiyarta ba ƙafafuna suka ce ba da su ba. Na ce bari in ɗan durƙusa a kwari, dawa ta rufa mini asiri.

Salatin mata ne ya tashe ni. Ashe masu kawo fura sun tarar da ni shame-shame, sun ɗauka na cika, har sai da na ja minshari. Abokaina sun sunkuyar da kai, makaɗi ya rungume gangarsa, Rabi ta rufe fuska da mayafi. Na ce a raina, shi ke nan, aure ya tafi.

Baban Rabi na tsugunne a kaina, ya tare mini rana da malfarsa. Ba fuskata yake kallo ba, tabon da ke cikina yake kallo.

"Malam, wanga ɗinki na mine ne?"

Na faɗa masa komai.

Sannan ya miƙa yatsa ya taɓa tabon a hankali.

"Ashe ana tashi," in ji shi. "Wan Rabi, nan wurin aka yanka shi. Ni na kai shi Zariya, ni kaɗai na komo. Ban taɓa ganin mai irin wanga ɗinki da ya girma ba. Har da gemu, ikon Allah!"

Jikin nan da nake jin kunyarsa, shi tsohon nan yake kallo kamar ya ga abin da ya roƙa shekara da shekaru.

Da kansa ya ƙarasa kunyar tawa. Har gobe 'yan gidan "kunyar Malam" suke kiranta, ban san wace ciki suke nufi ba. Na dai koyi darasi: gara ka faɗi da baki da ka faɗi a gona. Yanzu duk na je, kafin in gama gaisuwa Baba ya ɗaga murya: "Rabi, shimfiɗa ma ɗana tabarma."