Carkin Ɗan Gata da Kwamitin Ramin Layinmu

Yau da safe ni ne sa. Igiya a kafaɗata, amalanke a bayana cike da bulo, Kawu yana turawa ta baya yana cewa, "Dama-dama, ɗan nan, ka kauce wa kwata." A haka muka ratsa gefen layin mai, inda mutane suka yi kwana da kwanaki cikin motoci har sun fara shanya a jikin ƙofa. Wani direba ya leƙo ya ce mini, "Malam, kai ka huta, injinka ba ya shan fetur." Na yi masa godiya, don ba ni da numfashin da zan ba shi amsar da ta dace da shi.

Mai karatu zai so ya ji yadda mutum mai iyali, mai rubutu a jarida, ya samu wannan ƙarin girma. Ba nema na yi ba, gadonsa na yi daga Ɗan Gata.

Ɗan Gata shi ne san Kawu, ƙanen mahaifiyata. Da shi yake jan amalanke yana kai wa magina yashi da bulo, da shi ya ciyar da gida tun ina saurayi. Sunan bai faɗi a banza ba. Kawu ba ya karyawa sai Ɗan Gata ya ci dusarsa, ba ya ɗora masa kaya da tsakar rana, kuma in ka ji yana magana a hankali a bayan gida, to ba da mutum yake ba. Tunda wahalar mai ta kwantar da motocin ɗaukar kaya, magina suka dawo suna bin Kawu da "ranka ya daɗe". Abin da ya rage kawai shi ne hanyar fita daga layinmu, kuma a bakin hanyar nan ramin yake.

Ramin namu yana da asali. Bututun ruwa ne ya fashe, aka zo aka haƙa aka gyara, aka tafi da shebur ba a cike ba. Mun yi ƙorafi, kuma Allah ya sa muna da manya masu jin kukan talaka, nan da nan aka kafa mana kwamitin gaggawa. Aka zo da rumfa, da kujeru, da allo mai hoton Mai Girma Uban Ramuka yana murmushi. Aka ɗauki mai gadin rami, kada a sace. Aka ɗauki mai auna rami, da mai riƙe masa bakin igiyar awo. Duk bayan ɗan lokaci Mai Girma yakan zo da jerin motoci, a bar su a kunne saboda sanyin ciki, ya karɓi sabon shebur mai ƙyalle a wuya, ya zuba yashi cikin shebur guda, a tafa. Sai a naɗe rumfar baƙi, a bar ta ma'aikata. Ni ban taɓa ganin rami mai gata irin wannan ba, yaran da aka haifa bayan haƙa shi har sun shiga makaranta.

Wata rana Ɗan Gata yana raɓawa ta gefen ramin da kaya, ƙafarsa ta zame, wani rodi da ya leƙo daga bakin ramin ya yage shi a kwiɓi. Ciwon bai kai tafin hannu ba. Kawu ya wanke, ya shafa magani, ya ce kwana kaɗan ne.

Sai carki suka zo. Ga wanda ya girma cikin bene, carki shi ne tsuntsun nan mai jan baki da ke maƙalewa a jikin shanu yana tsince musu kaska. Da ma akwai biyu ko uku da ke bin Ɗan Gata, amma da aka samu miki sai suka kira dangi. Kawu kuwa murna ta kama shi. Ranar da na ɗaga hannu zan kore su, tsawa ya daka mini.

"Kai, bar su! Likitocinsa ne. Ka ga yadda suke dafifi a kan ciwon? Ko kai da kake ɗan 'yar'uwata ba ka zo duba shi haka ba."

Na bar su. Likitoci suka yi ta aiki safe da yamma, ba hutu, ba yajin aiki. Mikin da bai kai tafin hannu ba ya kai faranti. Ɗan Gata ya rame, haƙarƙarinsa ya fito, ya daina gama dusa. Magina suka fara aiko yara suna tambaya ko lafiya. Kawu ya shiga damuwa sosai, don in san nan ya kwanta, tukunyar gidansa ta kwanta ke nan, kuma a shekarunsa ba shi da wata sana'ar da zai koma.

Mai ɗakina ce ta matsa sai da na kira likitar dabbobi. Ta zo a kan babur, ta tsuguna, ta daɗe tana kallon tsuntsayen kafin ta kalli ciwon.

"Baba, tun yaushe suke kansa haka?"

"Tun ranar farko, 'yata. Ba su taɓa fashi ba, Allah ya saka musu."

"To su ne ciwon."

Kawu ya dube ta kamar ta zagi maƙwabcinsa. Ya ce ai kowa ya san carki kaska yake ci.

"Yana ci, Baba, ba ƙarya. Amma abin da yake so a jikin kaskar, jinin da ta sha ne. In ya samu inda jinin ke fitowa da kansa, me zai kai shi wahalar neman kaska? Duk sanda mikin ya fara yin ɓawo, sai ya ɓamɓare shi."

"Wato kashe mini shi suke so su yi?"

"Ko kusa. In ya mutu ina za su ci? So suke ya rayu, amma kada ya warke."

Ina tsaye ina riƙe mata kwalbar magani, ban san sanda na juya na kalli bakin layi ba. Daidai lokacin mai auna rami yana miƙa wa mataimakinsa bakin igiya.

Likitar mai son bayani ce, ni kuma mai son jin abin da ba a tambaye ni ba. Tana wanke mikin tana gaya mana cewa zaman dabbobi da juna iri-iri ne. Ta ce dubi balbela, tana bin shanu tana cafke farin da ƙafafunsu suka tayar, ba ta ƙare su da komai ba, ba ta rage su da komai ba. Kaska kuwa ba ta ɓoye-ɓoye, jini ta zo sha, kuma kowa ya gan ta ya san maƙiyiya ce. Mai wuyar sha'ani shi ne wanda ya zo da sunan taimako, yana ma ɗan taimakawar, don kada a kore shi. Na tambaye ta ko akwai zaman da kowa ke cin riba tsakani da Allah. Ta nuna Kawu, wanda ke shafa wuyan sansa yana ba shi haƙuri, ta ce, "Ga shi nan a gabanka."

Maganin bai da tsada. A rufe mikin, a hana baki kaiwa gare shi. Mai ɗakina ta yanka tsohon buhu, ta yi masa shafi da ƙyalle mai laushi, ta ɗinka masa maɗauri, aka ɗaura wa Ɗan Gata kamar ɗan zani. Carki suka zo da safe suka tarar an rufe ofis. Sun yi ta zagaye suna tsuwa, daga baya yunwa ta sa suka koma kan kaska, aikin da aka san su da shi tun farko. Kafin wata ya ƙare mikin ya kame, Ɗan Gata ya murmure har yana ture Kawu da kai in dusa ta yi jinkiri. Na daɗe ban ga tsohon nan yana dariya haka ba.

To, a nan ne ilimi ya yi mana yawa. Mutanen layi suka ga abin da buhu ɗaya ya yi, aka zauna a ƙofar shagon tela, aka ce me zai hana a yi wa ramin irin wannan magani. Mutum ɗaya ne ya ƙi, mai facin da ya kafa rumfarsa daf da ramin tun shekarar da aka haƙa shi.

"Ni fa ba ruwana," in ji shi. "Ban haƙa ba, ban hana a cike ba. Taya ce in ta fashe nake liƙewa."

Na ce masa, "Mun sani, balbela." Bai gane ba, ya ce amin.

Ranar hutun ma'aikata muka fito da shebur da kwanon gini. Ɗan Gata da kansa ya yi ta jigilar ƙasa da tsakuwa, kyauta. Kafin la'asar ramin da ya gagari kwamiti ya zama hanya, har yara suna buga ƙwallo a kai. Mai gadin rami ya zo washegari ya tsaya yana dube-dube kamar wanda aka sace wa akuya.

Ba a yi fushi da mu ba, wannan kam zan faɗa. Mai Girma Uban Ramuka ya aiko wakili, wani mai taushin murya, ya tara mu a ƙarƙashin rumfa ya yaba da kishinmu. Sai ya ce abin takaici, cikon da muka yi ba bisa ƙa'ida yake ba. Ba a auna ƙasar ba, ba a san asalin tsakuwar ba, kuma ba a ƙaddamar ba.

Tela ya ce, "Yallaɓai, amma ai mota tana wucewa."

"Tana wucewa ba da izini ba," in ji wakili. "In wani abu ya faru, wa za a tambaya? Dole a kwashe, a koma matakin farko, sannan a cike muku shi yadda ya kamata. Ku kwantar da hankalinku, aikinmu ke nan."

Mutanen da suka yi shekara da shekaru ba su samu man da za su kawo tifa ɗaya ta yashi ba, sai ga su da motar haƙa tun hantsi, tankinta cike. Ban taɓa ganin aikin hukuma ya yi sauri haka ba. Kafin azahar sun kwashe cikonmu, sun ƙara faɗi da zurfi don a samu wurin aiki, sun tafi cin abinci. Allon gargaɗi kuwa an ce yana wurin mai fenti, ana gyara murmushin Mai Girma.

Kawu bai san an yi ba. Tun da sassafe ya fita ɗebo yashi, a kan hanyar da shi da sansa suka cike da ƙarfinsu. Da rana aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, layi ya zama kogi, ramin ya cika ya shafe daidai da hanya. Mai gadi ya fake a shagon mai faci. Da ruwan ya tsagaita Kawu ya shigo layi da kaya, ya bi tsakiyar hanya hankalinsa kwance.

Ina cikin waɗanda suka shiga ruwan suka kwance igiyoyin. Mun fito da Ɗan Gata da rai, amma ƙafar gaba ta karye, ƙashin ya fito waje. Likitar ta zo, ta duba, ta miƙe ba ta buɗe jakarta ba. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Aka aika a kira mahauci. Kawu ya zauna a cikin taɓo ya ɗora kan san a cinyarsa, yana kwance masa ɗan zanin buhun nan a hankali, wai kada ya ɓaci. Mikin da ke ƙarƙashi ya warke sarai, har gashi ya fara tsirowa. Na yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Kwamiti bai yi ƙasa a gwiwa ba. Wakili ya dawo ya yi wa Kawu jaje, ya ce wannan abin baƙin ciki ya ƙara nuna muhimmancin aikinsu. An ƙara mai gadi na biyu. An kuma kafa ƙaramin kwamiti da zai binciki yadda aka yi sa ya shiga ramin hukuma ba tare da sanarwa ba. Mai faci ya sayi sabon injin ba da iska.

Carki kuwa tun kafin mahauci ya iso suka tashi suka koma garken bayan unguwa. Ina so in yi musu adalci a nan, don na zage su da yawa. Duk tsawon zamansu a jikin Ɗan Gata sun sha jininsa, sun hana shi warkewa, amma ba su taɓa kai shi ƙasa ba. Sun san iyakar abin da sa zai iya ɗauka. Tsuntsu mai ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gyaɗa ya san wannan, ba tare da rumfa ko mota ba.

Kawu ya riga ya yi wa wani magini alkawarin bulo, kuma shi ba ya saɓa magana, shi ya sa na shiga igiya. Da muka sauke kayan muka dawo, mai ɗakina ta ga inda igiyar ta saɓule mini fata a kafaɗa. Ta ɗauko ragowar buhun nan da allura.

Na ce, "Haba, ɗan wannan? Bari ya sha iska."

Ta ce, "Rufe shi, Malam. Motar wakili na gani a bakin layi, kuma tun ɗazu yake kallonka da tausayi."