Ranar Da Na Wanke Albasar Aliero

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata ne na ɗaga hannu a aji. Na san lokacin daidai domin sai da na duba agogo, kamar yadda nake duba komai sau biyu. Karon farko ke nan da na ɗaga hannu tun shigata makarantar nan ta Aliero, kuma da na san abin da zai biyo baya, da na zauna a kan hannun.

Darasin rubutun insha'i ne, wanda Malam Garba yake koyar da mu a shekarar farko. Ni kuwa a lokacin ina ganin babu wanda ya kai ni a wannan fagen. Ba ni da surutu, ba ni da ƙawaye da yawa, amma ina da ƙamus biyu da biro kala uku. Har laƙabi 'yan aji suka sa min, wai Ƙamus. Takarduna sukan dawo daga hannun Malam fes, babu jan biro ko ɗigo. Abin da ya ɗaure min kai shi ne makin bai taɓa wuce tsaka-tsaki ba, kuma kullum a ƙasa sai ya rubuta: "Babu kuskure. Amma ina kike a ciki?" (Na taɓa duba takardar gaba da baya in ga ko sunana na manta ban rubuta ba.)

To, sai ya ba mu babban aiki, wanda ya ce shi ne zai ɗauki mafi yawan makin gwajinmu. Kowa ya bayyana wata sana'ar hannu yadda ya gan ta da idonsa. Ya maimaita "da idonsa" har sau uku. Na zaɓi noman albasa, tunda a Aliero ko iska ka shaƙa ita kake ji.

Matsalar ita ce ni 'yar Jega Sabon Gari ce, mahaifina tela ne, kuma ban taɓa sa ƙafa a fadama ba. In je in yi wa wani manomi sallama in ce ya nuna min aikinsa? Gara a ce in haddace ƙamus. Sai na nufi ɗakin karatu na ɗauko littattafai huɗu. Sun yi min bayanin ƙasa da taki da rainon iri da dashe da ban ruwa, amma da an zo wajen cire albasa sai su tsaya, kamar daga nan tashi take yi sama. Ni kuma ina son in kai labarin har ajiya. Sai na cike gurbin da abin da na sani: a gidanmu Innata ba ta yarda wani abu ya shiga tukunya ko kwando ba a wanke shi ba.

Na ƙirƙiro wani dattijo, na ba shi farin gemu da murmushi. Na sa shi ya zauna bakin rijiya yana wanke albasarsa ɗaya bayan ɗaya har tana sheƙi. Na sa ya zuba ta da danshinta a manyan buhunan leda, ya ɗaure baki tamau don kada iska ta shiga, ya kulle a ɗaki wata biyar yana jiran ta yi daraja. Wallahi sakin layin ya yi kyau. Sau bakwai na sake kwafe shi.

Shi ne na miƙe ranar Talatar nan na fara karantawa, a ajin da rabinsa 'ya'yan masu albasa ne.

Har wajen dashe lafiya lau. Da na iso bakin rijiya sai na ji wani ya yi tari. Da na zo wajen leda sai ajin ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka daɗin rubutun ne ya kama su, har na ƙara ɗaga murya. Ina cewa "wata biyar", sai Bashar, wani dogo ɗan Maiyama da ke zama a baya, ya dafe kai.

"Inna lillahi! Malam, a tashi a yi wa albasag ga salla, ta riga mu gidan gaskiya."

Ajin ya fashe. Wata ta kifa kai a kan tebur tana bugunsa. Wani ya ce, "Ƙamus, tsohon nan maƙwabtanshi ba su yi ƙaura ba?"

Malam Garba bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana motsi. Ya jira suka lafa, sannan ya ce, "Da idonki kika ga wannan?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina ya ce, "E, Malam."

"A wane gari?"

Sunan ƙauye ɗaya ne ya zo min. "Kashin Zama."

Na manta inda na san sunan. Rabi, wadda muke ɗaki ɗaya da ita a makaranta, wadda ke zaune kusa da ni tana riƙe min jaka, 'yar can ce. Ta ɗago a hankali ta dube ni.

"Garinmu? Ke, wane tsoho na wanga? Hwaɗa min sunanshi in kai mai gaisuwar asara."

Ban san yadda na zauna ba. Malam ya karɓi takardar ya ce ya ba ni zuwa Talata mai zuwa in kawo abin da na gani da gaske, in ba haka ba makin ya tafi gaba ɗaya.

Ga abin kunyar da ya fi na ajin: har lokacin ban san me na yi ba. Na san na yi ƙarya, amma me ya ba su dariya tun kafin ƙaryar? Kwana biyu na yi ina bin kwafin rubutun layi-layi ina neman kuskuren. Na samu waƙafi ɗaya da bai zauna daidai ba. Na daɗe ina kallonsa ina tunanin anya waƙafi zai sa mutum ya bugi tebur. Rabi tana gefe tana kallona, ni kuma nauyin tambayarta ya hana ni buɗe baki. Ranar Alhamis ta gaji.

"Ke dai sai ki mutu da ƙishirwa bakin rijiya. Asabar ki shirya, gida za mu."

Muka hau babur da hantsi, ana zafin bazara. A bayan gidansu na fara ganin rudu: wani gado ne na itace da aka ɗaga daga ƙasa, an shimfiɗa kara, an yi masa rufin ciyawa, iska na ratsa shi ta ko'ina. Albasa ce a kai jibge, da ƙasarta da busasshen ɓawonta, ba mai sheƙi ko ɗaya. Kakar Rabi na zaune a inuwarsa tana tsince ta. Na durƙusa na gaishe ta. Rabi kuwa ko ruwa ba ta bari na sha ba ta kwashe labarin duka ta faɗa, har da leda.

Kaka ta yi dariya har da share ido da gefen zane. Sannan ta lalubo wata albasa ta miƙo min. "Matsa wuyanta, ɗiyata."

Na matsa. Yatsana ya nutse, wani ruwa ya fito, warin kuma ya bugi ƙwaƙwalwata.

"Wagga ɗan danshi kaɗai ta samu," in ji ta. "In an bar ta, duk na kusa da ita sun bi ta. Albasa da ruwa ta girma, amma ran da ta bar ƙasa sun yi hannun riga. To ke kin yi mata wanka, kin kuma toshe mata hanci."

Sai tambayoyi suka yi ta fito min. Don me ake barin ta a gona ta sha rana kafin a kwaso? Don me ba a yanke ganyen daf da wuya? Yaya ake gane wadda za ta daɗe? Ta sa ni na saurari ƙarar ɓawon a tafin hannuna, wai mai lafiya ƙaras-ƙaras take yi. Na zauna muka yi ta tsinta har azahar, ina rubutu da hannun da ke wari.

Abin da na kai wa Malam ranar Talata ya dawo da jan biro wuri shida (ni, Ƙamus!), da maki mafi yawa da na taɓa samu a wajensa. A ƙasa ya rubuta: "Yanzu na gan ki." Laƙabina kuwa ya koma Mai Wanki, kuma har muka gama Bashar bai daina tambayata lafiyar tsohon ba. Na dai gane cewa tun farko rubutuna ma wanke shi nake yi har ya yi sheƙi, in ƙulle a leda. Yanzu in zan rubuta abu, sai na fara zuwa na matsa wuyansa.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne tambayar ƙarshe da na yi wa Kaka, muna shirin tafiya. Na ce, "Kaka, littafi huɗu na karanta. Me ya sa babu wanda ya rubuta wannan?"

Ta jefa wata ruɓaɓɓiya gefe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa zai rubuta, ɗiyata? Mu da munka sani ba mu rubutu. Ku masu rubutun kuma ba ku tambaya."