Sanarwar Rasuwar Gurgu, Injin Ban Ruwanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ban ga damar faɗar sunansa ba, nake sanar da rasuwar injin ban ruwan lambunmu, wanda muke kira Gurgu saboda ƙafarsa ɗaya a kan dutse take tsayawa.

Marigayin ya girme ni. Baba ne ya saye shi, ya rasu ya bar mana. Ja ɗaya yake tashi: tuf, tuf, tuf-tuf-tuf. Bai taɓa yi mana gardama ba, ko an ba shi gurɓataccen mai.

Ciwonsa 'yar tsaga ce a kan silinda, daga ciki, inda fetur yake kamawa da wuta. Na ce a kai shi wurin mai walda. Sai ga Kawu, wanda ko fulogi bai taɓa kwancewa ba, ya zaro gam ɗin ƙarfe daga aljihu.

"Wannan ai ya fi walda, yaro. Da shi na liƙe bokitin innarka."

Na ce gam ɗin na bokiti ne da tankin ruwa, ba ya jure wuta. Inna ta harare ni.

"Kai, kawun naka kake yi wa musu?"

Kawu ya buɗe gam ɗin. Ya kwaɓa, ya shafa, ya sa albarka.

Washegari Gurgu ya tashi cikin biyayya kamar kullum. Ruwa bai kai ƙarshen fangali ba gam ya ƙone, ya ɓantare, ya faɗa wa fistan. Maganarsa ta ƙarshe: ƙararas, ƙaf. Makaniki ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfi, ya yi mana gaisuwa.

Ya rasu ya bar tiyo da igiyar ja. Ya bar tumatirin da ya fara fure, wanda da shi za mu ci bana. Ganyensa ya sunkuya, ba mu sa ran zai daɗe a bayansa. Ya bar Inna, wadda yanzu ba ta haɗa ido da ni. Ya bar Kawu cikin ƙoshin lafiya, yana faɗa wa mutane wai kwana ne ya ƙare.

Mai sayen tsoffin ƙarafa zai ɗauki gawar gobe. Zaman makoki a bakin rafi ne, da sassafe, kullum, har tumatir ya nuna. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da bokiti, ba na karɓar "sai haƙuri" daga hannu wofi.

Kawu kuwa kada ya wahalar da kansa. Na ajiye masa na Inna, wanda ya liƙe. Har yau bai yi yoyo ba.